Ɗinkin Baba a Bakin Teku

Ƙarar na fara ji kafin in ga komai. Irin ƙarar da yadi yake yi idan mai kanti ya ɗan tsaga bakinsa da almakashi ya ja da hannu biyu, sai dai wannan daga sama ta zo. Na ɗaga ido na ga kayit ɗin, laimar da take ja na a kan teku, ya rabu biyu tun daga gaba har baya, rabi yana kaɗawa nan, rabi can. Sandar da ke hannuna ta yi sakwaf. Allon da nake tsaye a kai ya nutse da ni har wuya, ruwan ƙarshen kaka, wanda yake shiga ta wuyan rigar roba ya gangara maka gadon baya sai ka manta yadda ake numfashi. Kafin in dawo hayyacina iska ta cika rabin da ya rage, ya fara juyawa kamar farfela yana jana a kife. Na sha ruwan gishiri, na sake sha. Da ƙyar hannuna ya lalubo jan maɓallin da ke gaban ɗamarata na tura shi, igiyoyin suka saki, kayit ɗin ya faɗo ya kwanta a kan ruwa kamar wankin da ya zame daga shanya. Allo ya yi nasa wuri. Gaɓa ta yi nisa, mutanen da ke kanta sun zama 'yan mitsi-mitsi, ruwa kuma yana janyewa da ni zuwa hanyar da jiragen ruwa suke bi.

Kai Abba, da ke Nana, ba mutuwa nake tunani ba a lokacin. Inda ya yage nake kallo. Yagewar ta tafi a miƙe ɗoɗar, babu karkata ko kaɗan, kuma na san wannan layin. Ɗinkin kakanku ne. Babana ne ya yi shi da hannunsa, kuma shi ne abu na farko da ya yi mini tun ranar da na bar makaranta.

Ku kun buɗe ido kun ga kayit a shago, ba sai an yi muku bayani ba. Amma 'yan'uwanku na Kano za su karanta wannan, to bari in faɗa saboda su. Wata ƙatuwar laima ce ta yadi mara nauyi, mai santsi, faɗinta ya kai tsawon ɗaki. Ana hura wa bakinta iska da famfo ta tsaya a lanƙwashe, a ɗaura mata dogayen igiyoyi da suke haɗuwa a jikin wata 'yar sanda. Kai kuma ka ɗaura ɗamara a kugu ka maƙala sandar, ka sa ƙafafunka a kan allo. Iska ta ɗauki laimar, laimar ta ja ka a kan teku. Shi ke nan. Kowa a gidanmu da ya fara jin wannan bayanin, tambaya ɗaya yake yi: to idan ta ja ka, ina za ka? Babu inda za ka. Ka je ka dawo ne kawai.

Kakanku, Malam Haruna Tela, mutumin Fagge ne. Shagonsa yana unguwar Harlem a nan Amurka, tsakanin wasu matan Senegal masu kitso da wani ɗan Nijar mai aika kaya gida a cikin ganguna. Kayan sallah, na suna, na biki, duk wanda yake so a gan shi a masallacin Juma'a wurin Baba yake kawo shaddarsa. An san shi da abu ɗaya, ɗinki a matse. Allura kusa da allura, har sai ka juya rigar ka kai ta kusa da fitila kafin ka ga inda zare ya bi. Yaran da suka koyi aiki a hannunsa sun sha wuya a kan haka. Zai ɗaga rigar ya kalla, ya miƙa wa yaro.

"Ina ganin fili tsakanin allura da allura. Warware."

Bayan rasuwar Umma ya ɗauko mu daga Kano, ni da ƙanwata Rabi, gwaggonku. Ni ne ɗan fari, don haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Kai, ko wancan, ko yaron nan. Wannan ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka aka yi masa shi ma. Ba zai yabe ni ba, ba zai zauna hira da ni ba, amma a Kano idan na yi barci a tsakar gida nakan farka in ga an lulluɓe ni da babbar rigarsa. A nan Amurka aka sa ni makaranta, aka mayar da ni ajin yaran da na girma saboda Turanci. Rabi ta kama karatu kamar an yi shi dominta. Ni kuwa ƙafata ba ta zama. Ina zaune malama tana magana, ni ina kallon taga ina lissafin inda jirgin ƙasan da ya wuce zai tsaya. Wata rana na fita cin abincin rana ban koma ba. Baba bai doke ni ba, bai yi faɗa ba. Maganar da yake yi mini kaɗan ɗin nan ita ya ɗauke, ya mayar da ita ta hannun Rabi. Muna zaune mu uku a ɗan falonmu na Bronx, gwiwata tana kusan taɓa tasa.

"Rabi, tambayi yayanki ko ya ci abinci."

"Baba, ga shi nan a gabanka."

"Ke na tambaya."

Haka muka yi shekaru. Na kai abinci gida-gida a kan keke, na wanke mota, na yi gadi, na yi dakon kaya a sito. Ko'ina wata biyu, wata uku, sai in ji wurin ya ishe ni. Na ƙarshe shi ne kwasar kayan masu tashi daga gida, tare da Masawudu, ɗan Zongon Kumasi, wanda kowa a bakinsa Cale ne, wato aboki, mai wata tsohuwar farar motar kaya da ƙofarta ta baya sai da igiya take rufuwa. Shi ne kawu Masawudu da kuka sani, lokacin babu tumbin nan. Wata ranar Asabar mun dawo daga sauke kaya a ƙasan Brooklyn, kan babban titin da ya bi bakin teku, sai na hango abubuwa masu launi sun cika sama. Ja, kore, ruwan ɗorawa, suna kai da kawowa, a ƙasansu mutane suna gudu a kan ruwa a tsaye. Na ce ya tsaya.

"Cale, mu tsaya mu yi mi? Wasan Turawa ne. Kai da ko wanka a baho kana riƙe bango."

Ya tsaya dai. Na sauka na zauna a kan yashi har la'asar ta kusa wucewa. Ban san yadda zan gaya muku abin da na ji ba. Tun da na zo ƙasar nan komai a rufe yake, ɗaki, aji, jirgin ƙarƙashin ƙasa, titi tsakanin dogayen gine-gine. Ranar ce na fara ganin sama tun daga wannan gefe har wancan, kamar a bayan gari a gida. Ga jirage suna tashi daga filin jirgi can gabas, ɗaya bayan ɗaya, ina bin su da ido ina cewa wannan ƙila gida za shi.

Iyo na fara koya, a wurin wankan gwamnati na unguwa, gardi da ni a cikin yara masu balan-balan a hannu. Hawan kuma wani tsoho ne ya koya mini, Girisha, mutumin Rasha, mai gyaran lif a dogayen benaye. Kullum yana bakin ruwan nan da butar shayinsa da kare. Ni nake ɗaukar masa kaya in hura masa kayit, shi kuma yana yi mini tsawa da Turancin da bai fi nawa ba. A nan na lura da abu ɗaya. Mutanen nan idan igiya ta tsinke musu ko famfo ya lalace, ranar ta tashi a banza, don babu shagon kayan a kusa. Sai su nannaɗe su koma gida suna zage-zage, iska kuwa tana kaɗawa. Na fara da igiyoyi da famfo da abin liƙe huji a bayan motar Masawudu. Daga nan na shiga sayen tsofaffin kayit a hannun masu barin gari ko waɗanda matansu suka ce ya isa, in wanke, in sayar wa sababbin shiga. Karo na farko a rayuwata na yi rani guda cur a kan abu ɗaya ban gaji ba.

Kaya suka yi yawa, mota ta Masawudu ce, ɗakinmu kuma ko tabarmar salla sai an matsar da kujera. Akwai ɗan ɗaki a bayan shagon Baba inda yake ajiye ragowar yadi. Rabi na tura, ina tsaye a bakin ƙofa.

"Baba, wai Yaya ya ce ko zai ajiye kayansa a ɗakin baya."

"Wane kaya?"

"Laimomin nan nasa na ruwa."

Keken ɗinki ya ci gaba da tafiya. Sai da ya kai ƙarshen hannun riga ya yanke zare da haƙori.

"Na kawo mutum Amurka ya yi karatu, ya ƙare a sayar wa mahaukata laima. Ce masa kar jiƙaƙƙen abu ya taɓa mini shaddar mutane."

Wannan a bakin Baba, to ne. Har adireshin shagon na sa a tallan da nake yi a intanet, wanda yake so ya zo ya duba kaya a can.

A shekarar idonsa ya fara ba shi matsala. Aikin wuyan riga, zare fari a kan shadda fara, sai ya sa tabarau biyu ɗaya kan ɗaya. Ya fara maganar gida. Ginin da yake yi a Kano ya kai rufi, ƙannensa suna ta waya, ya ce wa Rabi idan sanyin bana ya wuce zai tattara. Na ji maganar ta bayan labule, na shiga banɗaki na kunna famfo na daɗe a tsaye. Shekarun nan duka ina cewa a raina akwai lokaci, wata rana zan yi abin da zai sa ya dube ni. Ashe lokacin watanni ne.

Akwai yagaggun kayit guda uku a ɗakin baya, ja da kore da baƙi. Irin waɗannan can wajen gari nake aika su, wurin wata mata mai ɗinka filafilan jirgin ruwa, sai a yi makonni kafin su dawo. Ban taɓa tsayawa na duba yadda take yi ba, in dai ya dawo a haɗe shi ke nan. Kuma ko a mafarki ban taɓa tunanin in ce wa Baba ya taɓa su ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na shiga ɗaukar famfo, sai na ga ukun nan a jere a kan kanta, an ninke su ninkin babbar riga, kusurwa ta haɗu da kusurwa. Na warware jan. Inda ya yage tun daga gaba har baya an haɗe shi, da jan zare daidai launin yadin, ɗinki a matse, layi biyu, ko'ina sumul. Sai da na shafa da yatsa na gane wurin. Mutumin da idonsa yake ciwo ya zauna ya yi wannan sau uku, ban san yaushe ba, ƙila da safe kafin a buɗe shago. Na fito da shi a hannu. Baba yana kan keke, ya ba ni baya. Na durƙusa.

"Baba, na ga aiki. An gode. Allah ya ƙara girma."

Bai juyo ba. Amma bai nemi Rabi ba, bango ya yi wa magana, kuma ni kaɗai ne a shagon.

"Yadin banza ne. Sai zamewa yake kamar kifi. Sun tare mini hanya ne, shi ya sa."

Na fita titi ina tafiya ban san inda za ni ba, har na wuce tashar jirgi. Kafin in kai gida na gama tsara komai a kaina. Kayit yadi ne mai faɗi, launi mai haske, ba ya son idon da aikin wuya yake so. Duk bakin ruwan nan babu mai gyara a kusa. Ni in kawo, Baba ya ɗinka, a karɓa washegari. Zai samu abin yi ko da idon ya ƙi aikin shadda, ba sai ya tafi ba. Zan riƙa zuwa shagon kullum da dalili. Dole ya yi mini magana, ko da a kan zare ne.

Washegari Asabar iska ta tashi da kyau, na tafi bakin ruwa da jan. Wani saurayi ya zo zai sayi jan, ya tsaya yana shafa wurin gyaran yana jan baki. Na ce masa babana ne ya ɗinka, tun kafin a haife ka yake ɗinki, tsaya in hau ka gani da idonka. Ina cikin hura shi Rabi ta kira, tana dariya har maganar ba ta fita.

"Yaya, Baba ya yi ciniki. Wata Baturiya ta zo da adireshin nan naka, ya fito mata da koren ya shimfiɗa a kan teburin yanka. Yana nuna mata ɗinkin yana buga ƙirji. Har shayi ya ba ta."

"Ta saya?"

"Ta saya. Gobe za ta hau, wai can wajen gari. Ya karɓi lambarta a wayarsa, wai ko da za ta kawo wani gyaran. Ka ga yadda yake tafiya a shagon nan kuwa? Kamar ango."

Da wannan farin cikin na shiga ruwa. Na tafi, na juyo, na sake tafiya. Iska ta bugo da ƙarfi sau ɗaya, na ja sanda, sai ƙarar nan.

Girisha ne ya zo ya ɗauke ni. Ya zagayo da nasa kayit ɗin ya ce in kama bayan ɗamararsa, ya ja ni kamar buhu har inda ƙafata ta taɓa ƙasa. Wani ya tsinto allona, wasu suka jawo yagaggen. Saurayin da zai saya ban ma ga tafiyarsa ba. Ina zaune a yashi haƙorana suna haɗuwa, Girisha ya miƙa mini murfin butarsa da shayi, ya tsuguna yana bin ɗinkin da babban yatsa. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yi wannan?"

"Babana."

"Tela ne?"

"Tela ne."

"Ban taɓa ganin ɗinki mai kyau haka ba. Ya kusa kashe ka."

Ya je motarsa ya ɗauko naɗin takardar goge hannu irin ta kicin. Ya nuna mini layin 'yan hujin da ke tsakanin falle da falle, ya ja kaɗan, ta rabu a miƙe. Ya ce abin da aka yi wa kayit ɗin ke nan. Wannan yadin ba shadda ba ne, duk hujin da allura ta yi masa ba ya komawa. Idan huji ya yi kusa da huji, ka yanka shi ne ka bar shi a maƙale, iska mai ƙarfi ta farko za ta ƙarasa. Shi sai an fara liƙa masa ƙyalle mai danƙo gaba da baya, sannan a bi da ɗinki mai tafiya hagu da dama, taku manya-manya, da fili a tsakani. Ina jinsa ina ganin Baba yana ɗaga riga yana cewa warware. Abin da ya kwashe rayuwarsa yana hana yara, shi yadin nan yake so.

Na shiga motar Masawudu na kunna hita mai ɗumama mota, ban ko cire rigar roba ba. Koren yana hannun wata mata da ban san sunanta ba, gobe za ta shiga teku da shi, lambarta kuma tana wayar Baba.

"Cale, abu mai sauƙi," in ji Masawudu. "Ka ce iska ya yi yawa, ka faɗa kan dutse. Tsoho bai san komi a ruwa ba. Rabi ya sato lambar, ka kira matar, ka ba shi wani. An gama."

Na kira Rabi na gaya mata. Dariyar ɗazu duk ta tafi.

"Kai lafiyarka ƙalau?"

"Ƙalau."

"To kar ka gaya masa. Idan ya shiga salla zan duba wayar in turo maka lambar. Duk wanda ya ɗinka ka karɓa ka yi godiya, ka kai wa mai ɗinkin nan ta wajen gari ta gyara a ɓoye. Yaya, shekara nawa rabon da ka ga Baba haka? Ka bar shi ya tafi gida da wannan."

"Ni ba na so ya tafi gidan."

"To kana gaya masa ɗinkinsa ya kusa kashe ka, sai ya zauna?"

Ba ta yi ƙarya ba, kuma dabararta za ta yi aiki. Na zauna ina kallon jirage suna tashi ta gilashin da ya yi hazo. Na hango kaina ina karɓar aiki a hannun Baba ina durƙusawa, in zagaya in ba wata ta yanke shi ta zubar, shi kuma yana can yana buga ƙirji gaban baƙi. Yadda ake yi wa ƙaramin yaro, a ba shi tsintsiya ya yi wasa a ce ya yi shara. Babana ba yaro ba ne, gwani ne da ba a gaya masa halin yadin ba. Kuma ni ba godiyar ƙarya nake nema a wurinsa ba. So nake mu yi aiki tare na gaske, ya zage ni a kan na riƙe yadi a karkace. Na san yadda ake yi a wurinmu, ɗa ba ya gyara wa ubansa sana'a. Aminin uban ake samu, a je a gaishe shi, shi kuma ya san ranar da zai kawo maganar a zagaye. Amma matar nan gobe da safe za ta hura kayit ɗinta. Kira kuma ba zan iya ba, na san yana cewa "na'am" harshena zai ɗaure. Sai na danna wayar na yi magana a ciki, na tura masa saƙon murya. Masawudu ya kama kansa da hannu biyu.

Alama ta nuna ya saurara. Bai amsa ba. Rabi ta ce ya kashe keke, ya miƙa mata wayar ya ce ta kira Baturiyar ta ce kar ta hau, ta dawo da shi. Matar ta dawo da shi da yammar nan, babu rigima. Ranar Litinin na zo da leda, zaren kayit da allurarsa da ƙyallen liƙi a ciki. Na tarar da koren da baƙin a kan kanta, an warware ɗinkin duka, zare ɗaya bai bari ba, sai layin 'yan huji da haske yake bi. An sake ninke su yadda ya saba. Shagon a cike yake da masu kayan biki, ana ta gwaji ana surutu. Na gaishe shi ya amsa. Na ajiye ledar a kan kantar da ke gefen kekensa, inda hannunsa yake kaiwa. Na tsaya jim, na fita.

Ledar nan a wurin ta yi sanyin shekarar gaba ɗaya. Bai buɗe ta ba, bai kuma matsar da ita ba, shi da ko almakashi aka ajiye masa ba daidai ba sai ya yi magana. Ina zuwa kusan kullum, ko ba ni da abin ɗauka. Akwai wata 'yar kujera ta yaran koyo a ƙarƙashin teburin yanka. Ina jira ya ce jawo ta. Ƙila shi ma yana jira in jawo ta. Wani abu dai ya canza, ya daina bi ta hannun Rabi. Zai ce, "Kai, rufe ƙofar nan, sanyi," ko "Kai, akwai tuwo a kula." Iyakarta ke nan. Da ƙanƙara ta narke ya tattara ya tafi. A filin jirgi ya dafa kaina ya yi mini addu'a doguwa, ƙasa-ƙasa, ban ji rabinta ba saboda hayaniya. Bai dawo ba, kuma kafin takarduna su ba ni damar zuwa Allah ya yi masa rasuwa. Kai Abba, sunansa ka ci.

Shagon da kuka sani na buɗe shi bayan shekara biyu. Keken da ke bayan kanta nasa ne, da shi na koyi gyaran da kaina, ni kaɗai, ina ɓata ƙyalle. Har yau idan na yi taku manya-manyan nan sai in ji kamar za a miƙo mini daga baya a ce warware.

Gwaggonku Rabi za ta gaya muku cewa saƙon nan ne ya karya masa zuciya ya tafi. Ta gaya mini haka a fuskata, kuma ban hana ta faɗa ba. Da na je Kano daga baya, ƙaninsa Baffa Sule ya ce mini saƙon yana wayar Baba har ƙarshe. Wai idan baƙi suka zo sai ya kunna musu, ya ce, "Ku ji wancan, wai zai koya mini ɗinki." Na ce Baffa, da fushi yake faɗa ko da daɗi? Ya ce wallahi shi ma bai taɓa ganewa ba, kai ka san halin yayana. Baffan ne ya turo mini shi, don nawa ya tafi da tsohuwar waya. Ana jin hitar mota a ciki, da haƙorana. Ga abin da na ce, ban ƙara ba ban rage ba.

"Salamu alaikum. Baba, ina wuni. Ina bakin ruwa, lafiyata ƙalau, kar a ji komai. Jan nan da aka ɗinka, na hau shi yau, ya yage a kan ɗinkin. Ba daga hannunka ba ne. Yadin ne ba ya ɗaukar ɗinki a matse, huji yana yanka shi, sai an yi masa manya-manya da fili. Ni ma ban sani ba sai yanzu da wani tsoho ya nuna mini. Matar da ta sayi koren, don Allah a kira ta yanzu a ce kar ta hau shi gobe. Yana da zarensa daban da allurarsa, an gaya mini inda ake sayarwa, ranar Litinin zan zo da su. Ni ban iya keke ba, ka sani. Idan an yarda, in zauna a gefe in riƙe yadin, mu gwada a kan ƙyalle tukuna. Akwai wata mata da nake kai wa a wajen gari. Ba na so in sake kai mata, Baba. Kai nake so ka yi mini. Sai na zo."